Killace Jinjirin Mage da Aka Tsinta Kafin a Haɗa Shi da Magunan Gida

Tsintar jinjirin mage a bakin kwata, ko a gindin katanga, ko cikin kwalin da wani ya yar a juji, abu ne da yake faruwa a kowane gari, kuma mutumin da tausayi ya sa ya sunkuya ya ɗauke shi ya yi aikin alheri wanda ba a raina ladansa. Sai dai a gidan da tun farko akwai maguna, wannan alheri yana zuwa da wani nauyi da mutane da yawa ba su san da shi ba, domin jinjirin da ya kwana a waje, wanda ba a san uwarsa ba balle a san abin da ta yi fama da shi, yana iya shigowa da cutar da za ta kwantar da magunan da suka shekara suna lafiya lau. Wannan ne ya sa likitocin dabbobi suke ba da shawara ɗaya a ko'ina, cewa a killace baƙon, wato a ware shi a wuri na daban tare da kwanon cinsa da wurin ba-hayarsa, na aƙalla mako biyu, kafin a bari ya yi ido biyu da sauran magunan gidan.

Dalilin da ya sa lafiyar da ido yake gani ba ta isa hujja ba

Kowace cuta mai yaɗuwa tana da lokacin ɓuya, wato tazarar da take tsakanin ranar da ƙwayar cutar ta shiga jiki da ranar da alamunta za su fito fili, kuma a cikin wannan tazara dabba tana ci, tana wasa, idonta garau, alhali ƙwayar tana ta hayayyafa a cikinta, wani lokaci ma har ta fara fita ta yawu ko majina ko kashi. Yawancin cututtukan maguna masu saurin yaɗuwa suna ɓuya ne tsakanin kwana 2 zuwa 14, kuma daga nan aka samo ƙa'idar mako biyu, domin jinjirin da ya ɗauki cuta a ranarsa ta ƙarshe a titi zai nuna ta kafin wa'adin ya cika. Bayan wannan, akwai magunan da suka taɓa yin ciwo suka warke amma ƙwayar cutar ta zauna a jikinsu ta yi likimo, sai ta farka idan dabbar ta shiga firgici ko yunwa ko sauyin muhalli, kuma babu sauyin da ya fi ɗauko jinjiri daga bola a kai shi gidan da bai san ƙamshinsa ba.

Masu kiwon kaji sun daɗe da sanin wannan darasi, domin duk wanda ya taɓa sayo kaza a kasuwa ya sake ta kai tsaye cikin akurki, bayan 'yan kwanaki ya ga kajinsa suna gyangyaɗi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba ya buƙatar a sake yi masa bayani. Haka kuma ƙa'idar tana da tushe a addini, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya hana mai dabbobi marasa lafiya ya shigar da su cikin masu lafiya.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne kariyar tana aiki ta fuska biyu. Jinjirin mage yana samun garkuwar jikinsa ta farko daga dakashi, wato nonon farko mai kauri da uwa take fitarwa bayan haihuwa, wanda hanjinsa yake iya tsotse sinadaran kariyar da ke cikinsa a kwanan farko na rayuwarsa kaɗai. Wannan garkuwa ta aro tana raguwa a hankali tsakanin mako na 6 zuwa na 12, tun kafin jikinsa ya ƙware wajen haɗa tasa, kuma jinjirin da aka raba da uwarsa da wuri yana iya rasa ta gaba ɗaya. Saboda haka babbar magen gida da take ɗauke da ƙwayar mura ba tare da ta dame ta ba tana iya zama ajalin baƙon, kamar yadda shi ma yake iya zama nata.

Cututtukan da ake gudu

Mafi muni a cikinsu ita ce wadda masana suke kira fanlukofeniya, cutar da wata ƙwayar bairos daga dangin fabo take haddasawa, wadda take kai hari ga sassan jikin da suke saurin sabunta kansu, wato bangon hanji da ɓargo. Idan ta lalata ɓargo sai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne mayaƙan jiki, su ragu ƙwarai, idan kuma ta kwaɓe bangon hanji sai amai da zawo su biyo baya, jinjirin ya ƙi abinci, ya tsuguna a kan kwanon ruwa ba tare da ya iya sha ba, kuma sau da yawa ya mutu cikin 'yan kwanaki. Abin da ya sa wannan ƙwaya ta fi sauran haɗari shi ne taurin kanta, domin tana iya rayuwa shekara guda a ƙasa ko a jikin tsumma, man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta, kuma magen da ta warke tana iya ci gaba da fitar da ita a kashinta har mako shida. Mage mai ciki da ta kamu tana iya yin ɓari, ko ta haifi 'ya'yan da sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da daidaiton tafiya bai gama ginuwa ba, su rayu suna tangaɗi da rawar kai.

Ta biyu ita ce murar maguna, wadda mafi yawanta ƙwayoyin bairos iri biyu ne suke kawo ta, ɗaya ana kiranta hafis, ɗayar kuma kalisi. Alamunta su ne atishawa, da majina, da kwantsar da take liƙe ido har jinjirin ya kasa buɗe shi, da gyambo a harshe wanda yake sa dalalar yawu da ƙin cin abinci. Ƙwayar hafis ba ta wuce kwana guda a wajen jiki, amma mafi yawan magunan da suka kamu da ita suna ɗauke da ita har ƙarshen rayuwarsu, ita kuwa kalisi tana iya kai wata guda a kan kwano ko daɓe. Tun da mage tana dogara da hancinta wajen sha'awar abinci, jinjirin da hancinsa ya toshe yakan daina ci, kuma yunwar da rashin ruwa su ne suke ƙarasa shi.

Akwai kuma wasu cututtuka biyu masu tafiyar hawainiya, waɗanda ba sa nuna kansu cikin mako biyu, sai gwajin jini ne yake tona su. Ta farko ita ce ƙwayar sankarar jinin maguna, wadda ake taƙaita sunanta da FeLV, wadda William Jarrett da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Gilasgo a shekarar 1964. Tana yaɗuwa ta yawu idan maguna suna lasar juna ko suna ci a kwano ɗaya, tana kuma bin nono daga uwa zuwa ɗa, kuma tana jawo ƙarancin jini da ciwon daji da raunin garkuwa. Ta biyu ita ce FIV, wadda Niels Pedersen da Janet Yamamoto suka gano a Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis a Amurka a shekarar 1986, wadda take karya garkuwar jikin mage a hankali, kuma ta fi yaɗuwa ta cizo mai zurfi irin wanda muzurai suke yi wa juna a faɗa. Duka biyun ba sa kama ɗan Adam, kuma magen da take ɗauke da FIV tana iya rayuwa shekaru masu yawa idan ta samu kulawa, saboda haka sakamakon gwaji dalili ne na tsara yadda za a riƙe dabba, ba na yar da ita ba.

Da wuya a tsinci jinjiri a waje babu ƙuma a jikinsa, kuma ƙuma ɗaya tak tana iya saka ƙwai har 50 a rana, waɗanda suke zubewa daga gashi su shige tabarma da katifa da tsagar daɓe, inda suke ƙyanƙyashewa, wasu 'ya'yan kuma suke iya jira watanni kafin su fito a matsayin ƙuma. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: a tsayar da jinjirin a kan farar takarda mai ɗan danshi, a taje bayansa da gindin jelarsa, sai a ga wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro suna zubowa, idan suka jiƙa suka bazu suka koma ja, to kashin ƙuma ne, wato jinin jinjirin da ta sha. Ga dabbar da nauyinta bai kai rabin kilo ba, wannan jini ba ƙarami ba ne, kuma idan aka ɗaga leɓenta aka ga dasashin ya yi fari maimakon ja-ja, to jini ya yi ƙasa har ya kai ga haɗari. Ƙuma ce kuma take ɗauke da tsila, wato tsutsar ciki mai faɗi da gaɓoɓinta suke fitowa kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin jela, sannan akwai macijin ciki da jinjiri yake samu ta nonon uwa, wanda yake sa cikinsa ya kumbura alhali haƙarƙarinsa a waje.

Cututtukan da suke tsallakowa kan mutane

Killacewa tana kare iyalin gidan ma, musamman yara, waɗanda su ne suka fi rungumar jinjiri da sumbatarsa. Maƙero, wanda wani nau'in naman gwari ne da yake cin gashi da saman fata, yana fitowa a jikin mage a matsayin wuri zagayayye da gashi ya zube ya bar amosani, galibi a fuska ko kunne ko ƙafa, kuma yana kama mutum cikin sauƙi. Yana ɗaukar mako 1 zuwa 3 kafin ya bayyana, ƙwayoyinsa kuma suna iya wuce shekara a cikin gashin da ya zube a ɗaki, shi ya sa gano shi a ɗaki ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gano shi bayan ya bi gida duka. Likitoci suna haska jikin dabbar da wata fitila ta musamman a cikin duhu, inda gashin da ya kamu yakan yi ƙyalli kore, sannan su tabbatar da gwaji.

Mafi girma duka shi ne ciwon haukan kare, wanda yake kama duk dabba mai shayarwa har da mage, kuma har yanzu yana nan a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma ko da yake kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke ɗaukarsa, magen titi da kare ya ciza tana iya zama gada tsakaninsa da mutum. Lokacin ɓuyar wannan ciwo yana kai makonni ko watanni, saboda haka mako biyu ba ya wanke jinjiri daga zarginsa, kuma duk wanda aka tsinta da raunin cizo a jikinsa wajibi ne a sanar da likita. Idan jinjirin ya ciji mutum ko ya yage shi har fata ta fashe, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, a kuma tsare dabbar a sa mata ido na kwana 10, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tsira.

Mace mai ciki kuwa ya kamata ta bar wa wani aikin kwashe kashin mage, saboda wata ƙwaya mai suna tokzofilasma da ƙananan maguna suka fi fitarwa, wadda take iya cutar da ɗan tayi. Ƙwayar tana buƙatar kwana 1 zuwa 5 a cikin kashi kafin ta iya kama mutum, don haka kwashewa kullum yana rage haɗarin ƙwarai.

Yadda ake shirya wurin killacewa

Kafin komai, ya dace a tabbatar jinjirin maraya ne, domin uwar mage takan bar 'ya'yanta na sa'o'i ta tafi neman abinci, kuma jinjirin da yake da tsafta, cikinsa a cike, yana barci shiru, mai yiwuwa uwarsa tana kusa. Wanda yake da sanyin jiki, ko datti, ko yake ta kuka ba ƙaƙƙautawa, ko yake wurin da mota ko kare za su same shi, shi ne mai buƙatar a ɗauke shi ba tare da jinkiri ba.

Wurin da ya fi dacewa shi ne ɗaki mai ƙofar da take rufuwa, mai daɓen siminti ko tayil da za a iya wankewa, wanda iska take shiga ta tagar da aka sa wa raga, kuma babu kafet ko tarin kaya a cikinsa. A gidajen da maguna suke yawo a tsakar gida suna hawa katanga yadda suka ga dama, ɗakin ajiya ko shagon da ba a kwana a ciki yana wadatarwa, muddin an toshe ƙarƙashin ƙofa yadda hanci ba zai haɗu da hanci ba. Inda babu ɗaki ko kaɗan, babban keji da aka rufe gefensa da zane, aka ajiye shi a wurin da sauran magunan ba sa kaiwa, ya fi babu, amma a sani cewa atishawar mage tana watsa ƙwayoyin cuta tazarar mita ɗaya ko fiye, saboda haka kejin da aka ajiye a tsakiyar maguna sunan killacewa kawai yake da shi. A kula da yanayi kuma, domin ɗakin kwano mara iska a lokacin bazara yana iya kashe jinjiri da zafi, kamar yadda daɓen siminti a daren hunturu yake iya kashe shi da sanyi.

A cikin ɗakin ana buƙatar kwali mai tsumma mai laushi inda zai kwanta ya ɓuya, da kwanon abinci da na ruwa waɗanda nasa ne shi kaɗai, da faranti mai gajeren baki da aka zuba wa yashi mai tsafta don ba-haya, wanda za a ajiye nesa da wurin cin abinci. Kwalin yana da fa'idar cewa idan ya ɓaci, ko wata cuta ta bayyana, ana iya ƙone shi ba tare da an yi asara ba.

Tsafta da tsarin shiga da fita

Ƙofa a rufe ba ta hana cuta fita idan mutum yana ɗauko ta a hannunsa da rigarsa da tafin takalminsa, kuma a nan ne yawancin killacewa take rushewa. Tsarin da ya dace shi ne mai kula ya fara da magunan gida, ya ba su abinci ya gyara wurinsu, sannan ya shiga wurin baƙon a ƙarshe, yana sanye da wata tsohuwar riga da silifas da aka ware wa ɗakin, waɗanda zai tuɓe ya bari a bakin ƙofa daga ciki, ya fito ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwar hannu. Tsintsiya da abin kwasar shara da soson wanke kwano duk su zama na ɗakin, kashin kuma a ƙulle shi a leda ko a binne shi da zurfi inda wata mage ba za ta tono ba.

Sinadarin da aka tabbatar yana kashe ƙwayar fanlukofeniya da kalisi, wanda kuma ake samu a kowane kanti, shi ne bilic na wanki, idan aka haɗa awo 1 da awo 32 na ruwa, wato kimanin cokali biyu na cin abinci a lita guda, a ɗan ƙara idan bilic ɗin mai rauni ne. Sharaɗinsa shi ne a fara wanke datti da sabulu, domin kashi da maiƙo suna kashe ƙarfinsa, sannan a shafa shi a bar shi minti 10, a ɗauraye da ruwa, a bari wurin ya bushe kafin jinjirin ya taka, kuma kada a gauraya shi da wani sinadarin. Abin da ya kamata a guje wa shi ne magungunan tsaftace gida masu sinadarin finol da danginsa, irin su Izal da Dettol, waɗanda suke komawa fari idan aka zuba su a ruwa, domin hantar mage ba ta iya narkar da su, kuma tana haɗiye su idan ta lashi tafin ƙafarta. Wannan rauni na hanta shi ne kuma ya sa farasitamol ya zama guba ga mage, har ɓarin ƙwaya ɗaya yana iya kashe ta, haka nan maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin da maganin feshin sauro da na gona. Ƙumar jinjiri ƙarami ana cire ta ne da matsefi mai ƙananan haƙora da wanka da ruwan ɗumi, a tsane shi nan da nan, har sai likita ya ba da maganin da ya dace da shekarunsa.

Kula da jinjirin a cikin wa'adin

Killacewa ba kurkuku ba ce, kuma hadisin matar da aka azabtar saboda magen da ta tsare ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, ya isa gargaɗi ga duk wanda zai rufe dabba ya manta da ita. Ana haifar jinjirin mage da nauyin kimanin giram 100, idonsa yana buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 10, kuma kafin ya kai mako huɗu ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ba ya kuma iya fitsari ko kashi sai an shafa ƙasan cikinsa da auduga mai ɗumi kamar yadda uwa take yi da harshenta. Irin wannan yana buƙatar kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a gefensa, da ciyarwa kowace awa 2 zuwa 3 da madarar da aka haɗa musamman don maguna, yana kife a kan cikinsa ba a rigingine ba, don kada madarar ta bi ta huhu. Nonon shanu da madarar shayi suna sa shi zawo, jinjirin da jikinsa ya yi sanyi kuma a fara ɗumama shi kafin a ba shi komai, domin cikinsa ba ya narkar da abinci a wannan hali. Mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 a kullum, don haka ƙaramin sikeli yana iya nuna matsala tun kafin ido ya gan ta.

Haka kuma tsakanin mako na 2 zuwa na 7 ne mage take koyon sabo da mutum, saboda haka zama da jinjirin, da shafa shi, da yi masa wasa sau da yawa a rana, yana cikin aikin, kuma a wannan zama ne mai kula zai lura da cinsa da kashinsa da idonsa da fatarsa. Ƙin cin abinci na yini guda, ko amai da zawo, ko numfashi da baki a buɗe, ko kasala har ya kasa ɗaga kai, alamu ne da ba a kwana da su a gida.

Aikin likita da ƙarshen wa'adi

Ya dace a kai jinjirin wurin likitan dabbobi cikin kwana biyu ko uku na farko, a cikin kwali ko kwando mai murfi, ko a asibitin dabbobi na gwamnati, ko a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri. Likita zai ƙiyasta shekarunsa daga haƙoransa, ya ba shi maganin tsutsa, wanda ake iya farawa tun yana mako uku a riƙa maimaitawa bayan kowane mako biyu, ya kuma tsara masa rigakafi. Allurar da take haɗa kariya daga fanlukofeniya da ƙwayoyin mura biyu ana fara ta ne a mako na 6 zuwa na 8, a maimaita kowane mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16, ta haukan kare kuma daga mako 12. Inda ake samun gwajin FeLV da FIV, ɗigon jini ya isa, amma sakamakon farko yana buƙatar tabbatarwa, domin cutar da ta shiga kwanan nan ba ta nunawa sai bayan kwana 30 ga ta farko da kwana 60 ga ta biyu, kuma jinjirin da bai kai wata shida ba yana iya nuna alamar FIV da ya gada daga dakashin uwarsa ba tare da yana da cutar ba. Wannan lokaci ne kuma na duba rigakafin magunan gida, domin waɗanda ba a taɓa yi wa allura ba su ne suka fi zama cikin haɗari.

Idan kwana 14 suka cika babu wata alama, an kashe ƙuma da tsutsa, an yi allurar farko, to ana iya fara haɗawa. Idan kuwa ciwo ya bayyana a tsakani, lissafi yana komawa farko daga ranar da ya warke, maƙero kuma yana iya ɗaukar makonni da yawa na magani. Haɗawar ita ma a hankali ake yinta, domin mage dabba ce mai kishin muhallinta wadda take gane 'yan gida ta ƙamshi. Ana fara musayar tsumman kwanciya tsakaninsu, sannan a riƙa ba su abinci a gefe biyu na rufaffiyar ƙofa, sannan a buɗe ta kaɗan su ga juna, daga ƙarshe a bar su tare na ɗan lokaci a gaban mutum, kowace da kwanonta da wurin ba-hayarta. Huci da gurnani a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne, kuma duka ko tsawa ba sa ƙara komai sai tsoro.

Duk abin da wannan aiki yake ci bai wuce ɗaki ɗaya, da kwali, da sabulu, da kwalbar bilic, da haƙurin mako biyu ba, alhali sakaci da shi yana iya cinye magunan gida duka, ya bar ƙwayar cuta a daɓe har shekara, ya kuma kai yara asibiti. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma da yawa daga cikin waɗannan cututtuka ba su ma da maganin da yake kashe su kai tsaye, sai dai a tallafi jiki a jira. Saboda haka mai karatu da ya ga jinjirin mage a yashe, ya ɗauke shi, kada tsoron cuta ya hana shi, amma ya ware shi tun daga ranar farko, ya ciyar da shi, ya kai shi wurin likita, kuma kada ya buɗe ƙofa sai wa'adi ya cika.